Harafi ɗaya ya tsare mini hanyar makarantar 'yan sanda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan Garwa ne a ƙasar Kamaru, ina shekarar ƙarshe ta digirin shari'a a Jami'ar Ngaundere. Burina in zauna jarrabawar shiga babbar makarantar 'yan sanda ta Yawunde, ɓangaren kwamishina.

Ga inda gizo ke saƙar: sunan mahaifina a takardar haihuwa da "ou" aka rubuta shi, a takardar bakaloriya (shaidar kammala sakandare) kuma da "u". Sau biyu ana dawo mini da takarduna, kuɗin kan sarki ya bi ruwa, alhali buhun masara Baba ya sayar. Wani ya ce sai kotu, wani ya ce takardar shaidar cewa mutum ɗaya ne ta wadatar.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga wannan hali, wace takarda ake gyarawa, kuma wata nawa abin ke ɗauka?