Sai an nuna azaba ƙarara kafin fim ya faɗi gaskiya?

Sani: Jiya na kalli fim ɗin Patricio Guzmán na 2010 kan mulkin Pinochet a Chile. Taurari, hamada, tsofaffin mata suna tonon yashi. Ina dukan? Ina wayar lantarkin da ake jona wa mutane? Ni dai a ganina fim ɗin da bai nuna azaba ƙarara ba, ya rufa wa sojoji asiri ne kawai.

Anti Rabi: Ƙanena, wa zai ɗauko maka hoton? Soja ba ya gayyatar mai kyamara ɗakin azaba. Duk abin da za a nuna maka shiri ne, da jan fenti a madadin jini. Matan nan kuwa ƙasusuwan 'yan uwansu suke nema a hamadar Atacama, waɗanda aka ɓatar bayan juyin mulkin 1973 da ya kawo Pinochet kan mulki. Ba ka ji wadda ta ce ƙafar ɗan uwanta aka samo, tana nan cikin takalmi ba? Ni a nan na tsayar da fim ɗin, na fita waje.

Sani: Anti, ai ke kin san tarihin. Yaron da bai sani ba fa? Gani ya kori ji.

Malam Iliya: Sani na da 'yar gaskiya. A fim ɗin The Act of Killing na 2012, wani makashi mai suna Anwar Congo ya hau rufin wani gini a Medan, ya nuna yadda yake shaƙe mutane da waya lokacin kisan 1965 a Indonesiya, wai don kada jini ya ɓata wurin. Ya gama, ya kama rawa. Bayan wannan wa zai musa?

Anti Rabi: To Malam, wa aka ba fili a nan? Makashin. Shi ke tsara yadda za a ɗauka, shi ke zaɓen kaya, har yana sukar farin wandon da ya sa. Waɗanda ya shaƙe ko sunansu ba mu ji ba.

Malam Iliya: Shi ya sa mai fim ɗin ya dawo a 2014 da wani fim, inda ƙanen wani da aka kashe ya bi makasan yayansa gida-gida, yana gwada musu tabarau yana jefa musu tambaya.

Sani: Wancan ma babu jini a ciki?

Malam Iliya: Babu. Ka kalla tukuna, mu ji ko za ka iya barci.

Sani: Zan kalla. Amma fa ban janye maganata ba.