Ƙarfen sirdin kekena ya kafe, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙarfen sirdin kekena ya kafe a cikin firam tun bayan damina, ko motsi ba ya yi. Na kwance noti, na zuba kananzir, na bi da baƙin mai, shiru.

Ƙarfen sirdin na alminiyom ne, firam ɗin kuwa ƙarfe, kuma wani farin gari nake gani a bakin ramin, ba jar tsatsa ba. Mai gyara ya ce a gasa da wuta, amma hankalina bai kwanta ba, don alminiyom ya fi ƙarfe kumbura idan ya ji zafi, ga fenti zai ƙone.

Da keken nan nake zuwa kasuwa, sirdin ya yi mini ƙasa har gwiwa na ciwo. Don Allah me ke cin wannan farin garin? In ƙarfen sirdin ya fita, giris kaɗai zai hana shi sake kamawa?