Ɗana da hawan igiyar ruwa, ga jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare ta matso

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan ɗana, ɗan shekara 14, yana JHS 3 (aji uku na ƙaramar sakandare) a nan unguwar Nima, Accra.

Shekara biyu ke nan da kawunsa ya kai shi bakin tekun Kokrobite ya ga yara suna hawan igiyar teku a kan allo. Tun ranar hankalinsa yana can. Kuma wallahi ya iya, na je na gani da idona, har hawaye sai da na yi.

To amma wasan na sassafe ne, kafin iska ta taso ta ɓata ruwan. Ranar Asabar daga sallar asuba sai trotro (motar haya) zuwa tashar Kaneshie, ya canza mota, ba ya dawowa sai la'asar, jiki duk ya mutu. Makarantar allo ta Asabar ta tafi ke nan, Malam ya aiko sau biyu. Lissafinsa ma ya yi ƙasa.

Babansa ya ce a hana shi sai bayan jarrabawa. Na gwada na wata ɗaya, yaro ya daina cin abinci sosai, karatun ma bai ƙaru ba.

Wanda ɗansa ke ƙwallo ko dambe, yaya kuka raba masa mako? Zuwa teku Asabar biyu a wata zai riƙe masa hannu a wasan?