Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Muse"?

Ina cikin rubutu a kan Andrew Wyeth, mai zane ɗan Amurka, sai alƙalamina ya cije a kan kalmar "muse", wadda Turawa ke kiran mutumin da rayuwarsa ke tsima mai fasaha har ya samar da aiki. Asalinta daga Girkawan dā ne, waɗanda suka yi imani da alloli mata tara, 'ya'yan Zeus, babban allansu, masu ba mawaƙa baiwa. Na kawo maganar gabanku, ina tambayar kalmar Hausa da za ta dace da ita, kuka ba da shawarwari, na gode.

Sai dai kafin a auna kowace kalma, ya kamata a san matar da ake nema wa sunan, wato Christina Olson. A 1939 ne Betsy, wadda Wyeth ya aura daga baya, ta kai shi gidan gonar Christina Olson da ɗan'uwanta a garin Cushing na jihar Maine. Cuta ta shanye ƙafafun Christina, amma ta ƙi hawa keken guragu, ta gwammace ta ja jiki zuwa duk inda take so. Wata rana Wyeth ya hango ta daga taga tana jan jiki a cikin ciyawa, kuma daga wannan gani ne ya yi zanensa na 1948 mai suna "Christina's World" da ke ajiye a gidan adana zane-zanen zamani na New York, lokacin tana da shekara 55. Bai daina zana su da gidansu ba har ta rasu a 1968, kuma da ya rasu a 2009 a maƙabartar da take kwance aka binne shi.

Wata 'yar'uwa ta kawo "tauraruwa", amma masana adabi sun riga sun ba wa babbar 'yar wasa ko jigon labari wannan suna, kuma yana nuna wadda aka zana ne kawai, bai nuna cewa ita ta tayar da aikin ba. "Uwargida" ko "ubangida" ma ba su zauna ba, domin ubangidan mawaƙi shi ne mai ba da doki da riga, alhali Christina ba ta da abin bayarwa sai zamanta.

Malam, shawararka ta "aljana" ce ta fi ɗaukar mini lokaci, domin ita ta fi kusa da tunanin Girkawa. Larabawan jahiliyya sun ce kowane mawaƙi yana da shaiɗaninsa, mu ma mukan ji ana cewa aljanu ne ke ba wane waƙa. Duk da haka, Allah ya gafarta Malam, zuciyata ba ta yarda in kira baiwar Allah mai lalura, wadda ta yi girki da ɗinki a gidansu, da sunan aljana ba, domin hakan zai tuɓe mata mutuntakar da ita ce ta kama idon mai zanen. "Wahayi" kuwa na annabawa ne, ba ma kusantarsa.

"Ilhami" ya dace da abin da ke sauka a zuciyar mai fasaha, saura sunan mutumin da ya jawo shi, kuma a nan ne na tsaya a kan "silar ilhami". Bahaushe ya saba ce wa mutum "kai ne silar arzikina", yana nufin Allah ne ya bayar, amma ta hannun wannan bawa, wanda ba lallai ya zama babba ko mai dukiya ba. Kalmar ba ta sauyawa ga mace ko namiji, kuma ta fi "maɓuɓɓugar ilhami" sauƙi a baki, duk da daɗin da wancan ke da shi.

Na gwada ta a gida ma: da Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke wahala a bayan babbar mota shi ne silar ilhaminsa. Jimlar da ta tsayar da ni kuwa yanzu na rubuta ta haka: Christina Olson ce silar ilhamin Wyeth na kusan shekara 30.