Mastar a fannin kwamfuta da sadarwa: in tafi Dakar ko in jira burs ɗin Turkiyya?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Na gama lisans a fannin kwamfuta bara, yanzu ina haɗa wa ofisoshi da shaguna intanet nan Damagaram. Ina son mastar a tsaron hanyoyin sadarwa. Baba ya ce zai sayar da filinsa na hanyar Mirriya in tafi ESMT, babbar makarantar sadarwa da ke Dakar. Ni kuma raina bai kwanta ba, filin nan shi kaɗai gare shi. Ko in jira burs ɗin Turkiyya? Shekaruna 27, Ingilishi kuwa ba na ji. Wanda ya taɓa bin ɗaya cikin hanyoyin nan ya taimaka mini.

Injiniya227: Wa alaikumus salam. Kigali za ka nufa, jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tana da reshe can. Ko burs ɗin Tarayyar Turai, Erasmus Mundus, Yuro 1,400 kowane wata.

Ƴar Zango: Injiniya, ka karanta kuwa? Yaron ya ce ba ya jin Ingilishi. Ƙanena, Turkiyya tana biyan makaranta, masauki, inshorar lafiya da tikitin jirgi, kuma shekarar farko Turkanci kawai za ka koya. Janairu zuwa Fabrairu ake ajiye dosiye ta intanet, kyauta. Amma mastar sai wanda bai kai 30 ba, to kada ka yi ta jan ƙafa. Ni sau biyu na nema kafin na samu.

Mai Haƙuri: Don Allah kada ka bar tsoho ya taɓa filin nan. Ni shanun mahaifiyata huɗu aka kai kasuwa saboda ni. Wani mai ofis a Yamai ya ce zai samo mini gurbi a waje, ya karɓi miliyan ɗaya da jika ɗari biyar, ya ba ni takarda mai hatimi ja. Na isa can na tarar makarantar hawa biyu ce a saman shagon sayar da tayoyi, kwamfuta goma sha ɗaya, uku ba sa tashi. Na cije na yi shekara biyu, ina wanke kwanuka da dare. Da na dawo na kai diflom ɗin a daidaita shi, aka ce ba a san makarantar ba, CAMES ma, hukumar da ke tantance diflom a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ba ta amince da kwas ɗin ba. Ranar da na faɗa wa Inna tana tankaɗen gero, ba ta ɗago kai ba, cewa kawai ta yi Allah ya sa haka ne mafi alheri. Har yau in na wuce kasuwar dabbobi sai in sauya hanya.

Ƴar Zango: Allah ya mayar maka da alheri, yaya. Amma ESMT daban ce, ƙasashe ne suka kafa ta tun 1981, har da Nijar.

Na Dakar: Makarantar ba laifi, zaman garin ne wuta. Ɗaki jika ɗari nake biya, ban da kuran da ruwa.

Abokin Tafiya: Jika ɗari? Mu uku muke ɗaki ɗaya, jika talatin da biyar kowa. Kai dai ka zaɓi unguwar masu kuɗi.

Na Dakar: Wace shekara ka bar Dakar? Faɗa mana tukuna.

Injiniya227: Faransa fa?

Abokin Tafiya: An rufe ofishin jakadancinsu na Yamai tun Janairun 2024. Kuma ko da can sai ka nuna Yuro 615 na kowane wata, ya haura jika ɗari huɗu. Injiniya, kai da iyakarka Kano, bar waɗanda suka fita su yi magana.

Injiniya227: Ni nake zama a intabiyu ina tantance masu neman aiki. Na ga mai mastar ya kasa saita rawuta, na'urar rarraba intanet, yaro mai takardar ƙwarewa ta kamfanin Cisco ya gyara cikin minti goma. Maganar wa za a ɗauka?

Sarkin Shayi: Ku bar shi ya tafi Turkiyya, sanyi ya koya masa darajar zafin Afrilu. Ɗan Birni, kilishi dai ka cika jaka, shi ne burs na gaskiya.

Mai Haƙuri: Ni da na sani, da ta intanet na yi karatun ina ɗakinmu.

Malama Garin Malam: Da wane intanet ɗin? Ina tsakiyar jarrabawa aka ɗauke kuran, rezo ya bi shi, na hau kabu-kabu da kwamfuta a cinya ina neman inda janareta ke aiki. Kafin in shiga an rufe shafin. Kuɗin fakitin wata kuma kwana goma ya ƙare.

Na Dakar: Kuma ka dawo da diflom ɗin, aikin duk yana Yamai, kilomita wajen 900. Can ma sai an tambaye ka ɗan wane ne kai.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Yaya Ƴar Zango, takardun lisans ɗin sai an fassara su kafin a ajiye, ko Faransancin ya isa? Baba ya ce mai sayen filin zai zo ranar Alhamis.

Malama Garin Malam: Wai ku a unguwarku kuran ya dawo? Mu tun azahar shiru.