"Jiki magayi" a bakin mai tallar ciyawar teku

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Wani mai talla a unguwarmu yana sayar da ƙwayoyin da ya ce an tatso su daga ciyawar teku mai launin ruwan ƙasa, wai suna ƙarfafa garkuwar jiki, kuma duk wanda ya nemi hujja sai ya ce masa, "Sha ka gani, ai jiki magayi." Shin an ajiye karin maganar nan a muhallinta?

Malamar Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Malam. Ba muhallinta ba ne. Iyayenmu suna faɗin ta ne ga wanda ya ƙi jin bari, kamar yaron da aka hana shi wasa da wuta ya ƙi hanuwa, wato abin da kunne ya ƙi ji fata za ta ji. Gargaɗi ce, shi kuwa ya mayar da ita gayyata.

Baban Mile 12: 'Yata, ban ƙi ta taki ba, amma mu da muka yi dako mun san cewa jiki yana ba da labarin alheri kamar yadda yake ba da na sharri, domin wanda ya ƙoshi ba sai an gaya masa ba.

Ɗan Obalende: Gaskiya ne, Baba, sai dai yunwa da ƙoshi ana jin su, aikin garkuwa kuwa sai an ɗebi jini an auna. Sinadarin da ake magana a kansa a irin wannan ciyawa shi ne fukoidan, wanda Harald Kylin ɗan ƙasar Suwidin ya fara warewa a 1913, kuma yana cikin yauƙin ciyayi irin su kombu da wakame da mozuku waɗanda mutanen Japan suke ci. A ɗakin gwaji da jikin ɓeraye an ga yana zaburar da wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayoyin cuta, a wasu gwaje-gwajen kuma an ga yana kwantar da kumburi, saboda haka kalmar "ƙarfafawa" ba ta ɗauke labarin duka ba. Ƙari a kan haka, ƙwayar sinadarin babba ce, kaɗan ne daga cikinta yake ratsa hanji ya shiga jini, kuma gwajin da aka yi a kan mutane bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi damuna shi ne yana iya rage daskarewar jini, don haka mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya tuntuɓi likita tukuna. Kombu kuma cike yake da aidin, alhali baligi maikurogiram 150 kawai yake buƙata a rana, kuma yawansa yana rikita halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo.

Malamar Idi-Araba: To ka gani, Baba, a nan ne karin maganar za ta yi aikinta na asali, amma bayan an riga an yi ɓarna.

Ɗan Agege: Na gode. Saura tambaya ɗaya: ciyawar nan da igiyar ruwa take jibgewa a bakin tekun Lekki, wadda take naɗe wa masunta koma, ita ce wannan?

Ɗan Obalende: Danginta ce, Malam, sunanta sargasum, kuma tun 2011 take mamaye gaɓar Afirka ta Yamma. Tana ɗauke da fukoidan, amma tana tara gubar asinik, kuma idan ta ruɓe takan fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke takura numfashi. Kada kowa ya kwaso ta ya dafa, kuma ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalbar mai tallar kafin ka bar wani naka ya saya.