Laftof ɗina ta ƙi zama a sleep, da kanta take tashi

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san kan kwamfuta a taimaka min da shawara. Laftof ce da ni tokunbo, Windows 10 ce a kai, lafiya lau take aiki amma in na sa ta sleep ko na rufe murfin ba ta daɗewa sai in ji fanka ta fara ƙara ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa ta. Wani lokacin nan take, wani lokacin kuma sai tsakar dare in ga hasken sikirin ya cika ɗaki. Abin da ya fi damuna shi ne in na sa ta a jaka zan tafi wajen aiki, kafin in isa ta yi zafi zau batir kuma ya kusa ƙarewa. Kashe ta gaba ɗaya kuwa ba na so saboda fayil-fayil ɗin da nake buɗewa suna da yawa, sake buɗe su kullum aiki ne. Virus ne ko me?

Injiniya_Kurna:
Wa alaikumus salam hajiya. Da wuya in virus ne gaskiya, yawanci wani abu ne aka ba izinin ya tashe ta, kuma Windows tana rubuta wanda ya tashe ta ɗin, sai dai a tambaye ta. Ki danna Start ki rubuta cmd, ki danna maɓallin dama a kai ki zaɓi Run as administrator, baƙin allo zai fito kar ki ji tsoro. Da zarar ta tashi da kanta ki rubuta

powercfg -lastwake

zai nuna miki abin da ya tashe ta na ƙarshe. Sai ki bi da powercfg -devicequery wake_armed wannan shi ne jerin duk na'urorin da ke da ikon tashe ta, sannan powercfg -waketimers wanda zai nuna ko akwai wani aiki da aka sa wa lokaci kamar alam. Ki kwafo mana abin da suka fito da shi. Sannan tambaya, kina amfani da maus mara waya mai ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa a USB? Don a shago in aka kawo min irin wannan matsalar shi nake fara zargi, maus ɗin nan motsi kaɗan yake jira, ko tebur aka bangaza ko janareta na girgiza ƙasa a kusa shi ke nan ya tashe ta.

Dan_Zongo:
Ni dai in ni ne fomat kawai zan mata in huta, duk wannan rubuce-rubucen dogon turanci ne.

Injiniya_Kurna:
Haba ɗan'uwa, ai ba a rushe ɗaki saboda ƙofa na ƙara. Ko an yi fomat Windows za ta sake ba maus ɗin izinin nan da kanta tunda haka saitin yake zuwa, ka ga an yi asarar lokaci da data a banza, ga sake sa manhajoji.

Maman_Hanifa:
Na gode Injiniya Allah ya saka da alheri. Eh wlh maus mara waya nake amfani da shi kuma ban cika cire ɗan abin USB ɗin ba, tare nake jefa su a jaka. Na yi yadda ka ce, lastwake ya nuna wani abu mai USB a sunansa, a jerin kuma akwai HID-compliant mouse da kibod da wani mai Ethernet. Shi kuma waketimers ya fito da dogon layi da UpdateOrchestrator a ciki, ban gane shi ba.

Injiniya_Kurna:
Yauwa toh ɓarayin biyu ne ashe. Na jaka maus ne, kina tafiya yana motsi yana danna kansa. Ki shiga Device Manager, Mice and other pointing devices, ki buɗe HID-compliant mouse, ki je shafin Power Management ki cire alamar da ke kan Allow this device to wake the computer. In sun fi ɗaya ki duba kowanne. Haka za ki yi wa Ethernet ɗin a ƙarƙashin Network adapters, shi an sa shi ne don ofisoshi su riƙa tashin kwamfutoci daga nesa, ke ba ki da buƙatarsa. Kibod ki bar shi don ki samu abin tashinta.

Na tsakar dare kuma afdet ne na Windows, shi ne UpdateOrchestrator ɗin, yana so ya gama girka abin da ya sauko da shi ya yi ristat. Ki fara barinsa ya gama tukuna, sannan ki je Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ƙarƙashin Sleep akwai Allow wake timers ki mayar da shi Disable a duka biyun, na batir da na caja. Akwai kuma Automatic Maintenance da aka saba sa masa ƙarfe 2 na dare, a Security and Maintenance yake, can ma akwai akwatin da ke ba shi damar tashinta ki cire.

Abu_Maradi:
Ina ƙara abu ɗaya a kan na oga Injiniya, mu da wuta ke zuwa tana tafiya mu kula da caja. Wasu laftof ɗin in aka ɗauke wuta aka dawo da ita suna farkawa, masu Dell ma akwai saiti a BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, mai suna Wake on AC da USB Wake Support, in suna kunne a kashe su. Hajiya ki gwada barinta dare ɗaya ba caja ki gani.

Kuma ga masu karantawa da sababbin injuna, ku rubuta powercfg /a ku duba. In kun ga S3 irin barcin da ne na gaske, in kuma kun ga S0 Low Power Idle to wannan Modern Standby ne, ba ta barci sosai, kamar waya take tana iya ci gaba da hulɗa da intanet murfi a rufe, kuma a irinsu sau da yawa lastwake ba ya nuna komai sai dai powercfg /sleepstudy. Ni tawa irin wannan ce shi ya sa in jaka za ta shiga hibernate nake sa ta. Yana ajiye duk abin da ka buɗe a kan hard disk ya kashe injin ɗin ɗungurungum, ba maus ɗin da zai tashe ta, ka dawo ka tarar da aikinka yadda ka bari. Illarsa kawai yana cin wuri wajen kashi 40 cikin 100 na girman RAM, kuma tashi ya fi sleep ɗan jinkiri.

Maman_Hanifa:
Alhamdulillah tawa S3 ta nuna. Na cire alamomin duka na kashe wake timers, jiya ta kwana shiru yau ma na ciro ta daga jaka a sanyaye. Amma malam Abu ni ban ga hibernate ɗin a wajen kashewa ba, Sleep da Shut down da Restart kawai gare ni.

Abu_Maradi:
A ɓoye yake zuwa. A baƙin allon nan ki rubuta powercfg /h on, sai ki je Power Options, Choose what the power buttons do, ki danna Change settings that are currently unavailable a sama, akwatin Hibernate zai buɗe a ƙasa ki sa masa alama ki danna Save changes. A wannan shafin dai za ki iya cewa in an rufe murfi a kan batir ta tafi hibernate kai tsaye.